Itacen Latif

Lokacin da Ayishetu da mijinta Braimah suka bar Levenshulme suka koma wata unguwa a bayan Manchester, firamaren wurin ƙarama ce, malamai sun san kowane yaro da uwarsa. Nan suka sa ɗansu Latif. Yana aji uku asma ta tasar masa a filin wasa, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Makaranta ta dasa itacen tuffa a gefen filin don tunawa da shi. Ayishetu ta nemi aikin raba wa yara abincin rana, don kawai ta riƙa hango itacen ta tagar kicin.

Shekaru suka ja, gidaje suka cinye gonakin da ke kewaye. Zuwa 2006 yara sun yi wa makarantar yawa, har ɗakin ajiya aka mayar aji. Council, wato ƙaramar hukuma, ta ce za a gina sababbin azuzuwa a kan filin, har inda itacen yake. Unguwa ta dare biyu. Tsofaffin mazauna, ƙarƙashin wata Alice, suka ce baƙi su nemi wata makaranta, suka buga hoton Latif a takardun da suke rabawa ba su tambayi iyayensa ba.

Ranar taron iyaye, wata Saudatu, likita da ta taso daga Birmingham, ta tari Ayishetu a bakin ƙofa.

"Yaya, wallahi ban san ɗanki ne a hoton nan ba sai yau. Allah ya jiƙan sa. Ni dai Khairat ɗita tana waiting list, tana jiran gurbi a nan tun bara. Bas biyu take shiga zuwa wata makaranta, a sanyin nan."

Ayishetu ta ce, "Amin," ta wuce ciki.

Da muhawara ta yi zafi, Alice ta nuna ta. "Ga mahaifiyarsa nan, ku gaya mata da bakinku!"

Ayishetu ta miƙe. "Ɗana yana maƙabarta, ba ya ƙarƙashin itace. Ku cire hotonsa daga takardunku. A yi wa yara gini."

Da suka iso gida Braimah ya juyo gare ta. "Ke kaɗai kika haife shi?" Gaskiya ba ta shawarce shi ba.

Magina suka ciro itacen da saiwarsa suka mayar bayan kicin, amma bai kama ba. Khairat ta sami gurbi. Maƙwabtan da suka yi wa Ayishetu zaman makoki suka daina gaishe ta a layi. Ta daure har ƙarshen zango, sannan ta ajiye aikin. Braimah bai sake ɗaga maganar ba, bai kuma sake bin titin makarantar ba.