Ranar da Jirgi Ya Yi Gumi

Tun da na kawo Baba Guangzhou aka yi masa aikin ido, abu ɗaya kawai ya roƙe ni, a kai shi ya ga ruwa.

Baba masunci ne, ana ce masa Barmo na Yawuri. A da idan ya tsaya a bakin Kwara, ba mai jefa birgi, wato ragar kamun kifi, a gabansa ya tsira daga faɗa. A wurinsa kowa bai iya ba. Sai yanar ido ta rufe masa ido biyu, ya koma zaman zaure shekara da shekaru, bakin nan ya mutu murus. A ba shi miya ba gishiri, ya ce "to". A manta da shi a rana, ya ce "to". Wallahi wannan "to" ɗin ta fi makantar ci mini rai.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Yana ganin fuskata, yana gane ƙofa. Amma likita ya ce wani lokaci hazo kan dawo, in muka ga haka mu koma da gudu. Tafinta ya faɗa a gaban Baba, kuma na ga ya riƙe maganar. Kullum da safe sai ya ɗaga hannu ya duba yatsunsa kafin ya amsa gaisuwar kowa.

Ni sana'ata wandunan jins, daga Xintang nake saro su. Mai ɗinkin da nake hulɗa da shi, Mista Liang, yana da ɗan jirgi mai inji, da ƙaramin ɗaki a ciki, benci biyu, gilashi kewaye, shi kuma matuƙi a gaba. Shekarar wasannin Olympics ce, har ya manna zobban nan biyar a jikin ƙofa. Da na ba shi labari sai ya dafa ƙirji ya ce zai kai mu ranar Lahadi da hantsi.

Sanyin shekarar nan ba a magana, ga yayyafi ba ya ɗaukewa. Na naɗe Baba da suwaita, da babbar riga, da bargo, da hular sanyi, na ɗora masa tabaran da likita ya ba shi. Muna shiga jirgi na bi tagogi na rufe ruf, inda na ji iska na tsiyaya na cusa ƙyallen jins. A gidanmu mai jinya ba ya shan iska. Haka aka yi wa kakata, haka aka yi mini da na haifi Balki: a rufe ɗaki, a kawo garwashi, a ɗura maka mai zafi. Balle ido sabon ɗinki!

Mista Liang ya ɗan zuge tagar da ke gefensa. Na miƙa hannu na mayar.

"Mayo iska, lawban," na ce masa, wato babu iska, maigida. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya bar ta a rufe saboda girman tsoho.

Maigidana kuma, Isufu Baban Balki, mutumin Maraɗi ne, kuma mutumin Maraɗi ko gaisuwar mutuwa za shi sai ya tafi da butar shayinsa. Kafin jirgi ya bar gaɓa ya riga ya kafa ɗan rishonsa na gas a ƙasa tsakanin benci. Na ji daɗin haka, domin ɗakin ya ɗumama nan da nan.

Da farko komai lafiya. Muka gangara ta gefen Pazhou, na nuna wa Baba manyan rumfunan baje koli.

"Na gani," ya ce. "Rufinsu kamar bayan kifi."

Ai kuwa na ji kamar in yi guɗa. Baban Balki ya sauke shayin fari, ya ɗora na biyu, yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa don kumfa, tururi na tashi. Ni ina ta surutu, ban lura gilashin ya fara fari ba sai da ɗigon ruwa ya sauka a wuyan maigidana. Ya ɗaga kai. Rufin ɗakin duk ya yi ƙwayoyin ruwa, suna haɗuwa suna gangarowa ta bango.

"Innalillahi! Maman Balki, jirgin nan yoyo yake!"

"Ta sama? Haba malam, jirgi ta ƙasa yake nutsewa."

"To wannan mene ne, zufarki ce?"

Ya cire hularsa ya tara. Ni kuma kaina ya fara sarawa, na ɗauka jirin ruwa ne. Can gaba Mista Liang yana ta goge gilashinsa da hannun riga, yana gogewa yana sake rufewa. Ya rage gudu. Sai muka ji ƙahon wani babban jirgi, kusa ƙwarai, irin masu dakon yashi, kuma ba mu ga komai ba sai fari. Mista Liang ya waiwayo yana ihu da Turancinsa na kasuwa, a buɗe, a buɗe, a kashe wuta. Na tsaya a gaban taga na ce atafau, ba za a kashe mini idon uba ba.

Cikin wannan hayaniya ne na ji an ja bakin mayafina.

"Uwata." Haka Baba ke kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. "Ki ce wa mutumin nan ya juya."

"Baba, sanyi kake ji?"

"Ya dawo."

"Me ya dawo?"

"Hazon. Tun ɗazu. Ban so in ɓata muku shayi ba." Yana zaune cikin bargo, ya ɗaga hannunsa a gaban fuska yana juya shi. Sai ya sauke a hankali. "To. Allah ya nufa na ga fuskarki. Ya isa haka."

Na durƙusa a gabansa. Na tuna zauren nan na Yawuri da tabarmarsa, na ji ba zan iya mayar da shi can ba. Daidai lokacin igiyar babban jirgin ta buge mu, ɗakin ya karkata, buta ta zame, Baban Balki ya cafke ta da hula ya murɗe gas. Mista Liang bai ƙara neman izinina ba. Ya banke tagar gaba, ya tsallake ni ya wangale ƙofar baya, ya koma sitiyari da kansa a waje yana leƙen hanya. Iska mai sanyi ta ratsa ɗakin.

Na zage shi da Hausa, Allah ya sa bai ji ba. Ina zagin ina cire wa Baba tabarau don in duba ƙwayar idon yadda na ga likita na yi. Sai na ji tabaran a jiƙe sharkaf, ciki da waje, kamar murfin tukunya.

Baba ya ƙifta ido. Ya sake ƙiftawa.

"Uwata, wane irin kuka ne wannan har da majina?"

"Kana ganina?"

"Ina ganinki mana." Ya juya wajen taga, muryarsa ta sake sauka. "Amma can ba komai."

"Baba, ni ma ba na ganin komai can!"

Ya dube ni kamar bai yarda ba. Sai ya fito da hannu daga bargo ya ɗora tafinsa a gilashin ya ja. Ruwa ya gangaro ta gwiwar hannunsa. A inda ya share, ga kogi nan shimfiɗe, launin ƙasa-ƙasa, faɗinsa ya kusa na Kwara, ga jirgin yashi ya wuce yana ja da baya. Baba ya sake sharewa, ya faɗaɗa wurin. Baban Balki ya juya baya yana ta goge butar da ba ta da datti.

Da muka fita wuri mai sarari, Mista Liang ya sassauta inji ya dawo da tsumma da sabulun wanke kwano. Ya ɗiga kaɗan ya murza a gilashi, ya miƙa mini in yi sauran. Ya hura numfashi a tagar ya nuna mini farin da ya fito, ya nuna bakunanmu huɗu, ya nuna buta, ya taɓa gilashin mai sanyi. Sannan ya buɗe taga ɗaya a gaba, ɗaya a baya, faɗin yatsa biyu, ya ce a bar su haka. Na gane, amma ban fasa gunguni ba. Na zare ƙyallen jins ɗina na goge rufi da su, na matse a guga, ciwon kaina ma ya tafi. Na ce masa shiye-shiye, wato na gode, ya yi dariya.

Na zo in ƙara ja wa Baba bargo har kunne, sai ya ture hannuna.

"Ke, dafa ni za ki yi? Kai ni bakin ƙofa."

Muka zaunar da shi a bakin ƙofar baya, tabarau a goge, yayyafi ya tsagaita. Can gaba kusa da wani ƙauye, wani mutum na tsaye a ɗan kwalekwale da birgi a kafaɗa. Ya juya ya jefa, birgin bai buɗe ba, ya faɗa ruwa a dunƙule.

Baba ya miƙe tsaye, bargo ya zame ƙasa.

"Kai! Kai! Wa ya koya maka?" ya ƙwala wa Basinen da Hausa. "Isufu, zo ka ga abin kunya! Ya riƙe shi kamar mai shanya zane! Saki na hagun, malam, na hagun!"

Mutumin ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗago mana hannu yana murmushi. Baba ya yi tsaki ya karɓi kofin da maigida ya miƙa masa, ya kurɓa.

"Wannan kuma shayi ne ko zuma? Har ya huce."

Na toshe baki da mayafi, ina dariya ina hawaye. Ya yi faɗa da masuncin, ya yi faɗa da yadda Mista Liang ke ɗaure igiya, ya ce ruwan ma sun ɓata shi da datti. Har muka dawo gaɓa bai ce "to" ba ko sau ɗaya.