Ba Tsibin Doya Ba Ne

Daga sama, unguwar Maje ta shekarun baya shimfiɗa ce kore shar, da 'yan gidajen jinka a gefe guda. Mairama ta yi watanni tana kallonta a kwamfuta, a wani ɗan ofis da ke cikin garin Suleja. Bincikenta na digiri na biyu ke nan: ta ɗauko tsofaffin hotunan da tauraron ɗan adam ya ɗauka, ta ɗora su kan na yanzu, ta auna yadda gini ya cinye gonaki. Aiki ne mai cin ido, kuma tana alfahari da shi fiye da kima. Ko a gidan biki aka taɓo maganar fili, sai ta gyara zama ta fara lacca, har mata su miƙe ɗaya bayan ɗaya.

Ran nan da hantsi na'urar ta ware mata wani yanki a tsohon hoto, ta ce gona ce. 'Yan tuddai ne a jere, kusa da wata babbar bishiya. Mairama ta rubuta "gonar doya", ta kai hannu za ta wuce.

Kefas, abokin bincikenta da ke tebur na kusa, ya leƙo da kofin shayi a hannu.

"Hajiya, ja shi kusa mu gani."

Ta ja. Ya karkata kai.

"Wannan fa ba tsibin doya ba ne. A gonar doya na girma. Tsibin doya a dunƙule yake. Waɗannan dogaye ne, kuma duk gefe ɗaya suka miƙe. Wane manomi ne zai tsaya yana saita tsibi haka?"

Mairama ta dubi alamar arewa a kusurwar hoton. Tuddan sun miƙe daga kudu zuwa arewa, babu wanda ya kauce. Kai a kudu, fuska a gabas.

"Makabarta ce," in ji ta.

A Maje aka haife ta, a can kuma Innarta ta rasu tana 'yar firamare, kafin dangi su ɗauke su zuwa Kwamba. Abin da take tunawa shi ne maza sun ɗauki makara sun fita, mata suka tsaya a tsakar gida, don mace ba ta raka gawa. Kabari kuma ba a rubuta masa suna. Ta girma tana yi wa Inna addu'a bayan kowace salla, ba ta taɓa sanin inda take kwance ba, bai kuma taɓa zo mata a rai ta tambaya ba. Wannan sha'anin maza ne.

Ta ɗora hoton bana a kan tsohon. Kore ya ɓace, bishiyar ta ɓace. Rufin kwano ya cika wurin, layi bayan layi. Ta san layin nan. Ta san tankin ruwan nan baƙi, da shuɗin rufin da ta yi ta gardama da mijinta Haruna a kansa har ta yi nasara.

Gidanta ne.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Kefas ya ajiye kofin. "Lafiya? Ko kin san masu gidan?"

Ta tuna ranar da ake haƙa ramin masai, leburori suka yi ta fito da fasassun tukwane. Dillalin da ya sayar musu da filin ya yi dariya ya ce ai Suleja ce, ko'ina ka tona sai ka tarar da aikin maginan tukwane. Ita ma ta yi dariyar, har ta ɗauki wani tsingaro mai zane ta ajiye a kan taga don ado. Ita da ta san da tukwane ake rufe kabari kafin a zuba ƙasa! Kunya da tsoro suka rufe ta lokaci guda.

Ta fita baranda ta kira yayanta Saifullahi, wanda ke aiki a Abuja. Shi ya shiga kabarin ya karɓi Inna.

"Yaya, a ina aka binne Inna?"

"Ikon Allah. Yau kuma? A tsohuwar makabartar Maje mana."

"Ta ina a ciki?"

"Gindin tsamiya, ta gabas, layin farko. Me ya faru ne?"

"Yaushe rabonka da zuwa?"

"An jima gaskiya. Ai tunda aka buɗe sabuwa... Amma tana nan. Wa zai taɓa makabarta?"

"Ka zo ranar da muka tare, Yaya. Ka ci tuwo a tsakar gidana."

"Na zo mana. To me ya haɗa..."

Maganar ta tsaya masa. Ta ji numfashinsa ya sauya.

"Mairama, babu tsamiya a unguwarku. Babu ko tudun kabari ɗaya. Wallahi da na gane. Mairama!"

"Zan tura maka hoton," ta ce, ta kashe wayar.

Ta ɗauki lambobin da ke nuna gindin tsamiyar, babbar bishiyar nan ta tsohon hoton, daga taswira ta sa a wayarta, ta tari keke napep. Duk hanya tana roƙon Allah ya sa ta yi kuskure, ita da ba ta ƙaunar a ce ta yi kuskure. Shuɗin ɗigon da ke nuna inda take ya yi ta matsawa kusa da jan ɗigon da ke nuna gindin tsamiyar, bai kauce ba, har mai keken ya tsaya a ƙofar gidanta.

Ta tura ƙyauren. Jan ɗigon yana tsakar gida. Amma ta fi kowa sanin cewa waya ba ta bugun daidai, takan kauce da taku kaɗan. Yana iya zama ƙarƙashin igiyar shanya. Yana iya zama bakin madafa, ko inda take zubar da ruwan wanke-wanke kullum safiya. Yana iya zama ɗakin da take kwana.

Ba ta san lokacin da ta cire takalmanta ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi sallamar da ake yi wa mazauna kabari, a hankali, tana tuntuɓe a kan kalmomin, don ba ta taɓa yin ta ba.

"Amin wa alaikumus salam!" aka amsa da ƙarfi.

Ummi ce, 'yarta, mai sunan Inna. Ta zana layuka da gawayi a kan siminti tana 'yar gala-gala, tana dira da ƙafa ɗaya daga gida zuwa gida.

"Ummi, daina tsalle a nan!"

Yarinyar ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama.

"To Mama, ina zan koma?"

Mairama ta dubi tsakar gidan daga bango zuwa bango. Ta ɗaga hannu za ta nuna mata wuri, hannun ya tsaya a sama.