Sha Biyu a Bakin Pangani

Shekara ashirin mahaifina, Mwinyihamisi, ya yi yana ɗibar ruwa a bakin kogin Pangani, inda ruwan daɗi yake haɗuwa da na teku. Sau biyu a wata yakan shiga kwalekwale, ya ja wata raga mai ƙananan idanu kamar rariya na minti goma, ya juye abin da ta kama a kwalba, ya zuba maganin hana ruɓa, ya rubuta rana da lokaci. Ƙananan halittu ne da ido bai cika gani ba, abincin 'ya'yan kifi da jatan lande. Shi tsakin kifi yake ce musu. Idan tsakin ya ragu, masunta za su ji a jikinsu.

Wata Baturiya ce ta fara aikin, ta kafa ƙa'ida: ƙarfe shida na safe, ba wani lokaci ba. Halittun suna gudun haske, rana na ɗagawa sai su nitse, don haka ba a kwatanta kwalbar tsakar rana da ta asuba. Bayan shekara tara ta koma ƙasarsu, takardun cikewa na ofishin da ke kula da aikin suka ƙare, Baba ya ci gaba da rubutu a littattafan 'yan makaranta. Babu mai ƙirga abin da ke cikin kwalaben, suka yi ta taruwa a sito.

Ni ina Norway ina karatu. Da na zo aikin digirina, ofis ya aiko mini da jerin ranaku da lokutan da aka buga a kwamfuta, lambobi zalla. Shekara tara, 6:00. Daga nan, shekara goma sha ɗaya, 12:00. Na yanke hukunci nan take: mai sa ido ta tafi, tsoho ya koyi barcin safe. Ban tambaye shi ba. Kunya na ji, na ɗauka shiruna rufin asiri ne. Na rubuta cewa kwalaben waɗannan shekaru ba su da amfani ga bincike. Ofis ya rufe aikin, aka sallame shi. Muna waya kowace Juma'a, bai taɓa tayar da maganar ba.

Bayan shekara huɗu na dawo da izinin sake buɗe aikin. Na je bakin ruwa neman Kibwana, tsohon da yake tuƙa wa Baba kwalekwale. Na same shi yana toshe ɓaraka da auduga.

"A'a, Dakta ce da kanta! An ce can kifi ma riga yake sawa don sanyi. Shi ne kika dawo a bushe haka?"

Na gaishe shi, na ce jibi za mu fara. "Ƙarfe nawa ya yi maka?"

"Tambaya kike? Sha biyu, kamar kullum. Mu idar da sallah mu sauka. Shekara ashirin ni da ubanki ba mu saɓa ba, sai ranar da aka haifi autata, shi ma sai da ya yi mini kwana uku yana gunaguni."

Na ce to. Sai da na yi taku uku na tsaya.

A bakinsa ban ji komai baƙo ba. A nan daga fitowar rana muke fara ƙirga awa. Bakwai ta agogon Turawa ita ce ƙarfe ɗayanmu, shida ta safe ita ce sha biyu. Ita Baba yake rubutawa a littattafansa. Da wannan ƙirga ake tashe ni zuwa makaranta tun ina ƙarama. A kunne na san shi, a allon kwamfuta cikin Turanci ban gane shi ba.

"Lafiya, Mwantumu? Ko rana ce ta fara gaishe ki?"

Na juya na tafi sito.

Mwajabu, dattijuwar da ke riƙe da makulli, ta buɗe mini tana murna. Kantocin dama cike suke da kwalaben shekara tara na farko. Na hagu ma kwalabe ne, a kife, a wanke tas.

"Daminar bara muka zubar, 'yata," in ji ta. "Ɗari biyu da sittin da huɗu. Warin maganin nan har kwana biyu ban iya cin abinci ba. Ai sun ce ke kika duba kika ce ba su da amfani. Ga su nan, na wanke miki su, ba sai kin sayi sababbi ba."

Na yi mata godiya.

Baba yana kan dakalin ƙofar gida, shayinsa da mandazi, irin fanken garinmu, a gefe, yana gyara marikin wuƙa. Na zauna ƙasa kusa da ƙafarsa, na faɗa masa duka, ban rage ba.

Bai ɗaga kai ba. "Yau kika gane?"

"Ka sani?"

"Ranar da 'yan ofis suka kira ni suka ce ba na bin lokaci, na ce ƙarya ne, a kira Kibwana. Sai shugaban ya juyo mini takardar, na ga sunan wanda ya rubuta. A hanyar gida na lissafa, na gano inda abin ya karkace."

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"In na yi, takardar wa za a yaga? Saura wata biyu a ba ki digiri."

"Ai da ka faɗa mini ni."

"Ke da kika tambaye ni?"

Na ce zan rubuta gyara, a buga, da sunansa a ciki.

"Rubuta," ya ce. Ya gwada bakin wuƙar a farcensa. "Sun zubar ko? Mwajabu ba ta iya haɗa ido da ni a kasuwa."

"Sun zubar."

Ya ajiye wuƙar. "Akwai wata kwalba ta shekarar babbar ambaliya, watan azumi, na ɗaura mata jan zare a wuya. Wani abu ya shigo ragar ranar nan, ja-ja, da yawa, yana tsalle kamar ƙuma. Ban taɓa ganinsa ba, ban sake ba. Na ajiye ta can sama, na ce idan kin dawo ki sa a madubinki mai ƙara girman abu ki faɗa mini sunansa." Sai a lokacin ya dube ni. "Har da ita?"

"Har da ita, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya tura mini farantin mandazi, ya ci gaba da ɗaure marikin.