Cokalin Bayan Ƙofa

Tun da matarsa ta rasu, tsohon malamin kimiyya yake zaune shi kaɗai a gidan. Autarsa ta matsa lallai ya koma wurinta, shi kuwa ya ƙi. Ranar da ta zo duba shi, ya ƙudura sai ya soya mata ƙwai da hannunsa, don ta ga yana iya kula da kansa.

Ya sauko da kaskon suyar marigayiya, mai baƙin shafi a ciki wanda ba ya barin abinci ya kama. Yana fasa ƙwai yana bayani, kamar yana gaban allo.

"Auta, kin san abin da ke cikin shafin nan? Fulorin. Sinadari ne mai mugun hali, asid ɗinsa har gilashi yake ci. Masanan da suka fara ƙoƙarin ware shi, wasu sun rasa lafiya, wasu ma rai. Yau ga shi an horar da shi, yana cikin man goge baki yana tsare haƙori, yana cikin kasko..."

"Baba, ƙwan."

Ƙwai ya riga ya kama. Ya shiga kankara da cokalin ƙarfe. Ta karɓi kaskon ta karkata shi wajen taga. Cikin kaskon duk ya yi fararen zane-zane.

"Kai fa ka koya mana ƙarfe yana cinye shafin nan. Ina cokalin katakon Mama?"

Idonsa ya tafi bayan ƙofa. Cokalin yana nan rataye a ƙusa. Marigayiya ce ta rataye shi da hannunta, ranar da ta yi girkinta na ƙarshe. Tun daga nan kullum yana ganinsa, bai taɓa iya sauke shi ba.

Auta ta daɗe tana kallon ƙusar. Sannan ta zauna ta cinye ƙonannen ƙwan tas, ba ta tayar da maganar komawa ba. Da za ta tafi, ta sauke cokalin ta danƙa masa.

"In zama za ka yi, Baba, da wannan za ka riƙa juyawa."

Ƙarar motarta ta yi nisa. An bar masa gidansa. Ya jiƙa kaskon a ruwa, ya tsaya da cokali a hannu, yana kallon ƙusar da babu komai a jikinta.