Mota Ta Kafe a Hanyar Baure

Ƙafafun gaba ne suka fara nutsewa, na baya suka biyo su. Malam Yahya ya ƙara taka totur, ba don ya fita ba, don dai motar ta zauna da kyau. Yashi ya tashi ya watsu a gilashin baya, sannan ta kafe a tsakiyar busasshen rafin. Ya ɗaga wayarsa ya duba, sabis a cike. Dama ya sani. Duk tsakanin Daura da Baure babu inda yashi mai laushi da sabis mai ƙarfi suka haɗu kamar nan, kuma shi ya gano wurin da kansa.

Ɗansa Zakiyyu ne ya aiko masa da motar daga Legas bara, bayan rasuwar Shatu, mahaifiyar yaron. Shuɗiya ce mai faɗin taya, irin ta masu tsere, in an tayar da ita sai ta yi gurnani kaji su watse. 'Yan unguwa sun sha dariya ranar da suka ga dattijo da furfurarsa a ciki, yana lallaɓa ta zuwa masallacin Juma'a, masu keke suna wuce shi. Shi ko a jikinsa. Ya san Zakiyyu ba shi da abin da yake so a duniya kamar motar nan, kuma ita ya zaɓa ya ba ubansa.

Kada a ɗauki alhakin Zakiyyu, yana kira. Duk mako zai tambayi jiki, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, daga nan sai su yi shiru su biyun, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa. Ɗan fari ne, Malam Yahya bai taɓa kiran sunansa ba, balle ya ce ya yi kewarsa. Da can Shatu ce mai riƙe hirar, shi yana gefe a kan tabarma, wai shi rediyo yake saurare. Da ta tafi, sai ta tafi da hirar. 'Yan matan gidan, su Rahama ƙannen Zakiyyu, sun yi aure sun watse, gidan ya yi masa girma, har yakan gaida ƙadangaren da ke kan katanga.

Wata rana a waya ya tambayi ɗan nasa amfanin wani ɗan abin murzawa da ke kusa da giyar motar. Ai kuwa sai bakin Zakiyyu ya buɗe. Ya ce makullin ƙafafu ne. In an bar shi a sake, motar ce ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya yadda ta ga dama. In an shiga yashi ko taɓo sai a murza har layukan da ke gaban sitiyari su cika, ƙafafun gaba da na baya su ɗaure su ja tare. In an hau kwalta kuma dole a sake shi, in ba haka ba za ta riƙa turjewa a kwana tana cin taya. Daga nan ya zarce labarin wani tsere da ya kalla, ya faɗa labarin ofis, har ya yi dariya irin ta uwarsa. Sai da wayar ta yi zafi a kunne.

Malam Yahya kuwa rabin rayuwarsa a motar Landiroba ta ma'aikatar gona ya yi ta, daga yashin Mashi zuwa na Kongolam. Tun yaron bai gama magana ba ya gane komai. Amma ya yi ta cewa "to" da "ikon Allah", kuma tun daga ranar, duk sanda shirun gidan ya ishe shi a ranar Asabar, sai mota ta kafe.

Yau ma ya buga wa Zakiyyu waya. Ta yi ta ƙara har ta katse.

Bai sake bugawa ba, kada yaron ya tsorata. Ya sauke gilashi ya zauna. Hantsi ya ɗaga, iskar bazara ta shigo da zafinta. Can sai ga amalanke ta gangaro da bijimai biyu. Mai ita, Kabo, manomi ne a ƙauyen da ke ƙetaren rafin, kuma ba yau ya fara tarar da shuɗiyar motar a nan ba. Ya yi sallama, ya tambayi gajiya, sannan ya ce yana da igiya, shanun nan za su fizge ta yanzu.

"Na gode, Malam Kabo. Waya nake jira."

"Alhaji, ga hanya can ta sama, busasshiya ƙalau. Me ke kawo ka ta nan kullum?"

"Tsufa."

Kabo ya dube shi, ya dubi motar, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya kaɗa shanunsa. Da ƙarar amalanken ta ɓace, Malam Yahya ya ji kunya ta rufe shi, tare da wani kaɗaici da ya fi na gida ciwo. Mutum da jikokinsa, ya zo ya binne mota a daji don ɗansa ya yi masa magana. Ya kai hannu zai murza abin ya kama hanyar gida, sai wayar ta yi ƙara.

Zakiyyu ya ba da haƙuri, ya ce wanka yake yi. Da ya ji mota ta kafe, bai soma bayanin nan take ba kamar yadda ya saba. Ya tambaya ko akwai ruwan sha a motar, ko akwai mutane kusa, ko an sha maganin hawan jini. Muryarsa ta yi sanyi.

"Baba, laifina ne. Rahama ma ta faɗa min, na ɗora maka motar da ba ta dace da kai ba. Duk sanda ka kira daga dajin nan, ranar ba na iya cin abinci."

"A'a, ai motar lafiyarta lau. Ni ne kaina ba ya riƙewa."

"Shi ya sa. Na riga na yi magana da dila. Ƙarshen wata direba zai kawo maka wata, ya taho da wannan. Ita sabuwar ba ta da abin murzawa ko ɗaya, da ta ji yashi take kulle kanta. Ka huta, Baba. Ba sai ka sake wahalar kirana a kan mota ba."

Malam Yahya ya dubi layukan da ke gaban sitiyari. Maganar tana bakinsa, gajera ce ma, amma shekara arba'in bai koyi yadda ake faɗa wa ɗan fari ita ba, ba kuwa a tsakiyar rafi zai koya ba. Ya ce Allah ya yi albarka, Allah ya ba shi masu yi masa. Zakiyyu ya amsa da farin ciki, har ana jin nauyin da ya sauka daga kansa. Sannan ya ce to, a murza abin a fita daga rana.

"Gaba ka ce zan murza, ko baya?"

Zakiyyu ya yi dariya. "Haba Baba. To bari in faro maka daga farko, ka saurara da kyau."

Malam Yahya ya ɗauke hannunsa daga kan abin, ya ɗaga gilashi don kada iska ta cinye masa ko kalma ɗaya, ya gyara zama.

"Ina jin ka," ya ce. "Bi a hankali."