Jan Zare a Cikin Ayaba

Sara ɗaya ta yi wa ayabar da adda, gangar jikinta ta rabe gida biyu, ta durƙusa tana duba cikinta. Inda ya kamata ta ga fari tas, sai ga waɗansu layuka ja masu duhu sun taso daga gindi sun bi tsawon gangar, kamar an ɗinke ta da zaren da ya sha tsatsa. Ta miƙe ta sare ta kusa da ita, ta tarar da abu ɗaya. Ta uku ma haka. Ma'aikatan gonar gwaji da suka rako ta suka yi cirko-cirko.

"Kowa ya tsaya inda yake," ta ce. "Kada kowa ya fita sai an wanke takalminsa da ruwan magani. Addar nan ma ba za ta bar gonar nan ba."

Dakta ake ce mata a cibiyar bincike, a gida kuwa Auta. Tun da ta gama karatu aikinta ke nan, bin diddigin cututtukan fumfuna masu kama amfanin gona, kuma wannan cutar ta san ta kamar yunwar cikinta. Fumfuna ce da ke zaune a cikin ƙasa. Ta saiwa take shiga, ta toshe hanyoyin da ruwa ke bi, sai tsofaffin ganyaye su yi rawaya su karye su rataye a jikin gangar, shukar ta mutu da ƙishirwa alhali ƙasa tana jiƙe sharkaf. Ba ta jin feshi. Idan ta shiga gona kuwa, yaron da aka haifa a shekarar sai ya yi gemu tana nan tana jira.

Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, wannan ayabar bai kamata ta kamu ba. Iri ne da mahaifinta, Farfesa, ya samar. Farfesa ya ƙarar da ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a cibiyar nan yana haɗa wannan iri da wancan, ya jira shekara, ya zubar, ya sake sabon lale, har ya samu wanda cutar ta kasa kayarwa. A gidansu abin ya zama abin tsokana. Yayanta kan ce mata, "Ke fa sunan auta kawai gare ki, autar gidan nan tana gona." Umma kuwa takan ce mijinta ya san ranar da ayaba ke jin ƙishirwa, amma bai taɓa sanin ajin da 'ya'yansa suke ba.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta yi masa nauyi. Shi ya sa cibiyar ta gaggauta shirin raba irin ga manoma. An cika rumfunan raino da dubban 'ya'yan ayaba, an sa rana a ƙarshen wata, kuma a wurin taron za a karrama shi.

Ta kai gutsuttsuran gangar ɗakin gwaje-gwaje, ta jera su a kan faranta na gilashi. Cikin 'yan kwanaki wani abu fari kamar auduga ya lulluɓe su, gefensa yana rinewa shuɗi-shuɗi da ja. Ta yi gwaji ta sake, tana roƙon Allah ya sa kuskure ne daga hannunta. Ba kuskure ba ne. Cutar ce ta sake kama, ta dawo da wata siffa da irin Farfesa bai san ta ba. Sai kuma ta tuna cewa tafkin da ake shayar da rumfunan raino a gangaren gonar gwajin yake. Ta je ta tuge 'ya'yan ayaba daga rumfa-rumfa. Ganyensu kore shar, gwanin sha'awa, amma a saiwar waɗansu ta ga abin da take tsoro.

Daraktan cibiyar ya saurare ta har ta gama, ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"Manoman nan sun share gonakinsu suna jira," ya ce. "Wasu sun tumɓuke abin da suke nomawa saboda mu. Ko rabi ba za a tsira da shi ba? A zaɓi masu lafiya?"

"Yallaɓai, ba a gane ta a ganye sai ta gama aikinta. Idan guda ɗaya ta kuɓuce mana, da motarmu muka kai wa mutum cuta har gonarsa. Kuma ba za ta fita ba, har jikokinsa."

"Zan dakatar da rabon," in ji daraktan. "Zan fuskanci manoma, zan fuskanci na sama da ni. Amma mahaifinki shi ya koya mini riƙe adda. Ba bakina ne zai faɗa masa ba."

Da la'asar ta isa gida. Ta tarar da Umma a falo tana goge sababbin kayan da aka ɗinka wa Farfesa saboda taron, Yaya kuma ya biyo daga shagonsa na kayan gini yana zaune yana shan ruwan sanyi. Daga ɗakin da ke ƙurya ana jin muryar tsohon, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. Jawabin godiyarsa yake haddacewa. Tun da aka sa ranar kullum sai ya yi, ga shi har likitansa ya ce bakin ya fara sakewa.

Auta ta rage murya ta faɗa musu. Umma ta ajiye dutsen guga a tsaye, ta nemi kujera ta zauna.

"Ke da bakinki?" Yaya ya ce. "Duk ma'aikatan cibiyar nan a rasa wanda zai gano sai ke?"

"Yaya, da wani ne ya gano, da ta fasa zama cuta?"

"Ban ce a raba wa kowa ba. A yi taron, a tafa masa, a ba shi lambarsa ya dawo gida. Daga baya ku ƙone abinku. Wa zai faɗa masa? Ba ya fita, ba ya jin rediyo."

"Sai ya tsaya a gaban jama'a yana godiya a kan abin da duk wanda ke wurin ya san ya mutu?"

"To sai me? Mutum nawa ne suka tafi da farin cikin da ba su san ƙarshensa ba?"

Umma ta ɗaga hannu, suka yi shiru. "Ni ban san fumfuna ba," ta ce. "Abin da na sani, na ga mutumin nan kwance ko sunana ba ya iya kira. Ayabar nan ce ta tashe shi zaune. Idan kika cire masa ita, Auta, ki faɗa mini me za ki sa masa a gurbinta."

Auta ta tashi da niyyar gaida mahaifinta kawai ta fito, don ita kanta ba ta yanke shawara ba.

Yana zaune a keken guragu kusa da taga, hannunsa na dama kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa, ya tambaye ta aiki, ta ce lafiya lau. Sai ya ja numfashi ta hanci, ya sake ja, ya dube ta da idon nan da ɗalibansa ke tsoro.

"Warin magani," ya ce da ƙyar. "Har a gyalenki. An rufe gona?"

Ta sunkuyar da kai.

"Wace?"

"Gonar gwaji, Baba."

Tana jin motsin Umma a bakin ƙofa. Hannunsa na hagu ya kama hannun keken ya matse har jijiyoyin suka fito.

"Kin tsaga?"

"Na tsaga."

"Ja?"

"Ja, tun daga gindi. Na yi gwaji na maimaita. Sabuwa ce, Baba, ba wadda ka sani ba. Ta shiga rumfunan raino ta ruwan tafki."

Ya rufe ido. Yaya ya shigo da sauri yana cewa a kira likita, tsohon ya girgiza kai ba tare da ya buɗe idon ba. Da ya buɗe, ba Auta ya kalla ba, matarsa ya kalla.

"Gobe ku kai ni."

Umma ta buɗe baki za ta yi magana, ta fasa. Ta san wannan muryar tun suna amarya da ango.

Washegari da hantsi Yaya ya ɗauko su a motarsa, bai yi wa Auta magana ba duk tsawon hanya. An riga an zagaye gonar da waya, an bar ƙofa ɗaya da kwatarniyar ruwan magani a bakinta. Suka sa takalman roba, aka wanke ƙafafun keken, Yaya ya tura shi a kan kunya yana haki. Ma'aikata suka taru suna gaisuwa, tsofaffin cikinsu suna kau da kai don kada ya ga idanunsu.

Layin farko duk ya yi rawaya. Ganyayen sun karye sun rataye, iska tana kaɗa su suna ƙara kamar busasshiyar takarda. Farfesa ya nuna wata da ke can gefe, wadda har yanzu take kore, nonon ayaba ya fara fito mata.

"Waccan."

Auta ta sare ta, ta tsaga, ta kawo masa rabin gangar ta ɗora a cinyarsa. Ya bi layin jan da ɗan yatsa tun daga ƙasa har inda ya ɓace. Ya sa a kusanto masa da shi ya sansana. Sai ya shiga tambaya, kuma abin da ya ba su mamaki shi ne yadda kalmomin ke fitowa a jere. Daga wane ɓangare ta fara? Ina ruwan sama ke bi idan ya sauka? Baƙi sun shigo gonar a bana? An sanar da sauran cibiyoyi masu noman gwaji? Tana amsawa yana gyaɗa kai, wani wuri ya gyara mata, wani wuri ya ce ta fi shi gaskiya.

"Ta yi wayo," ya ce yana kallon gangar. "Ina can ina aiki, ita ma tana ƙarƙashin ƙafata tana nata."

Ya umarci a kashe shukokin a inda suke, kada a ja ko ɗaya a ƙasa, a rufe tafkin, rumfunan raino kuma kada a bar ko tsiro. Auta ta riga ta tsara duk wannan, amma ta bar shi ya faɗa, ma'aikata suna amsawa da "To, Farfesa."

Umma ce ta katse su. Tun da suka shigo tana tsaye a baya, takalman roba sun yi mata yawa, tana kallon wurin da ba ta taɓa takowa ba duk tsawon aurensu. Ta nuna wani ɗan tsiro da ya fito a gindin wata ayaba, bai wuce tsawon hannu ba.

"Auta, wannan ƙaramin fa? Lafiyarsa ƙalau nake gani. A ba ni in dasa a bayan ɗaki, a cikin bokiti ma. Babu wanda zai taɓa shi."

Tsohon ne ya amsa.

"A'a."

"Guda ɗaya tak. Ranar da na haifi yaron nan kana gonar nan. Ranar da mahaifiyata ta rasu sai aike aka yi maka nan wurin. A ce duk wannan ban fita da ko ganye ba?"

Farfesa ya miƙa hannunsa mai lafiya, ta matso, ya riƙe gefen mayafinta.

"Ki yafe mini," ya ce. "Ko ganye."

Yaya ya juya baya ya tafi bakin waya ya tsaya. Umma ta share fuskarta, ta gyara wa mijinta hula, ta bi bayan ɗanta. Ma'aikata suka watse zuwa aikinsu, aka fara jin saran adda daga layin ƙarshe.

Suka rage su biyu. Auta ta ɗauke gangar daga cinyarsa, ta goge masa ruwan da ya ɓata rigarsa.

"Yayanki ya ce ki yi shiru sai bayan taro ko?"

"Ya faɗa, Baba. Saboda kai ne."

"Na sani." Yana kallon ayaba ta farko tana kwantawa. "Da ni ne na tsaga na gani, ana saura 'yan kwanaki, wataƙila da na jira."

"Ba za ka jira ba."

"Ba ki sani ba, Auta." Ya girgiza kai. "Ni ma ban sani ba. Na gode wa Allah da bai tambaye ni ba."

Rana ta fara zafi. Ta ce bari ta mayar da shi mota, ya ce a'a, ta dai matsar da shi inuwa. Ta waiga hagu da dama, babu wata inuwa a gonar sai ta ayabar da ba a kai ga sarewa ba. Ta tura shi can ƙarƙashin ɗaya, ta tsaya a bayansa riƙe da keken, suna kallon masu addunan suna matsowa layi-layi.