Farantan Layin Ƙasa

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje kisa ne, sai dai bakteriya nake kashewa. In shuka su a faranti, in kai ɗakin inji, a sakar musu hasken nan mai ratsa jiki wanda ido ba ya gani. Zaren gadon halitta da ke cikin ƙwayar yake tsinkawa. In tsinkewar ta yi yawa, ta mutu. In kaɗan ce, sai ta ɗinke abinta, wani lokaci a karkace, 'ya'yanta su fito da sabon hali.

A haka na samu nawa, wasu 'yan ɗigo masu ruwan hoda da ke cinye baƙin mai a cikin ruwa. Shekaru ina rainonsu, har maigidana ya ce saura in raɗa musu suna.

Da zan tafi haihuwa, uwar ɗakina ta wurin aiki na damƙa wa su. Ita ta koya mini aikin, ko ciwon kai nake yi ita ke fara sani.

Muna da doka a wurin: duk abin da aka ajiye a layin ƙasa na firji shara ne. Mai inji zai kwashe, ya ba shi haske mai kisa, ba tambaya. Ranar da na dawo, a nan na tarar da farantaina, alamar jikinsu ta juye daga rawaya zuwa ja, wato an ba su hasken. Na sake shukawa, ko ɗigo bai tsiro ba.

"Wallahi, Malama, a ƙasa na same su," in ji mai inji.

"Wa ya sauko da su?"

Ya kalli ƙofar ofishin uwar ɗakina. Ban yarda ba. Har haushinsa na ji, na wuce wurinta ina hawaye.

"Yaya, an kashe mini su."

"Ayya, ƙanwata! Sannu. Ya jaririn?" Ta dafa kafaɗata. "Share hawayenki. Ni ma na dace da wasu bayan tafiyarki."

Ta buɗe ƙaramin firjinta. Ga su nan, ruwan hoda, sun yi ɓul-ɓul, sunanta a kan kowane murfi. Zuciyata ta yi baƙi ƙirin.

"Kin fi kowa hannu a irinsu," ta ce. "Gobe ki fara taya ni kula da su."